Haihuwa Biyu a Aji Ɗaya

Kibiya, Satumba 2001

Zuwa ga ƙanwata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki a raye cikin ƙoshin lafiya, ke da Maharazu da abin da ke cikinki. Ni dai ban ma san ta inda zan fara ba.

Tun ranar Juma'ar da rediyo ta ce an fara faɗa a Jos, babu wanda ya ci abincin kirki a gidan nan. Inna ta ɗora rediyon marigayi Baba a kan turmi ta zauna a gabansa, ko tasha aka taɓa sai ta yi faɗa. Jiya an ce an ƙone unguwarku, yau an ce ba taku ba ce. Mun rasa na yarda.

Shitu direba, wannan na Rano da ke kai albasa Jos, ya ce hanya ta ɗan buɗe, zai gwada shiga. Ya ce mutane sun taru a barikoki da makarantu, zai bi yana tambayar matar Maharazu tela, 'yar Kibiya. Shi na ba wa takardar nan. In ta iso hannunki, ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Luba, watanki ne fa wannan. Sau nawa na ce ki taho goyon ciki kamar kowace mai cikin fari? Kika ce masu awo sun ce yaron babba ne, gara ki haihu kusa da asibiti. To, ban ƙara magana ba, ba kuma yau zan ƙara ba. Inna ta riga ta tara itacen wankan jego har rabin katanga, ta sayi kanwa, ni kuma na daka miki yaji da hannuna. An share ɗakin Baba an yi masa sabon daɓe. Ku taho kawai, ko da kayan jikinku ne.

Malam Isiyaku, wan mijinki, kullum sai ya aiko daga Rano ko mun ji wani abu. Mu ma shi muke tambaya.

Inna tana gaishe ki, Jabiru maigidana da yara duk suna gaishe ki. Allah ya tsare ku, ya sauke ki lafiya.

Yayarki,
Ramlatu


Jos, Satumba 2001

Yaya Ramlatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Takardarki ta same ni. Ina raye.

Muna wata makarantar firamare kusa da bariki, sojoji ne a bakin ƙofa. Mata a azuzuwa, maza a baranda da fili. Akwai Musulmi akwai Kirista, kowa da gefen da ya yi shimfiɗa. Wani lokaci ana kawo garin kwaki da burodi. Famfon ya ɗauke, sai rijiya.

Maigidana ya fita shago da safen Juma'ar nan, bai dawo ba. Da hayaƙi ya matso, maƙwabta suka ja ni muka gudu. Ban ɗauki komai ba. Jakar kayan haihuwar ma a bayan ƙofa na bar ta.

A nan naƙuda ta kama ni. Akwai wata nas, Sista Rifkatu, ita ma gudowa ta yi daga gidanta da 'yar ƙaramar jaka. Ita kaɗai ce ga duk matan da ke wurin nan. Ta sa aka haɗa benci biyu, aka rataya zane a taga. Na wuni, na kwana, na sake wuni. Ta fita ta roƙi sojoji mota zuwa asibiti, suka ce ana harbi a hanyar, babu fita. Ta dawo ta wanke hannu ta ce, "Lubabatu, daga ni sai ke sai Allah."

Namiji ne. Babba, kamar yadda masu awo suka faɗa. Bai yi kuka ba. Sista ta juya shi, ta goga masa baya, ta sa bakinta a nasa tana hura masa iska har gumi ya jiƙa ta. Daga baya ta tambaye ni ko ina so in gan shi. Na gan shi. Yana da gashi. Wasu dattawa suka karɓe shi a cikin ɗankwalina, suka kai shi bayan filin ƙwallo.

Ana nan sai sojoji suka kawo wata mata da suka tsinta a bakin hanya, faya ta riga ta fashe. Babu wanda ya san ta. Aka kwantar da ita a bencin da na tashi. Ita tata haihuwar ba ta ja ba, mace ce, ta faɗo da kukanta. Amma jini ya ƙi tsayawa. Sista ta ce akwai allurar da ake yi, ba ta da ita. Ta yi ta matsa mata mara da hannu biyu. Ta ce in riƙe wa matar hannu, na riƙe. Kafin la'asar ta rasu. Ba ta faɗi sunanta ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Yarinyar ta yi ta kuka. Ni kuma nonona ya kumbura ya yi tauri, gaban rigata ya jiƙe. Sista ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta miƙo mini ita. Ta kama. Tun daga nan tana hannuna.

Kada ki tambaye ni yadda nake ji, Yaya. Ba na jin komai. In ta yi kuka in ba ta, in ta yi barci in ajiye ta. Sauran lokaci ina kallon allon ajin, an rubuta lissafi ba a goge ba.

Ba zan iya biyo Shitu ba. Ina zazzaɓi, jini bai ɗauke ba, Sista ta ce jikina ba zai ɗauki jijjigar mota ba. Kuma wataƙila maigidana ya zo nema na a nan. Ki gaya wa Inna a hankali.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Lubabatu


Kibiya, Satumba 2001

Luba ƙanwata,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki haƙuri, ya mayar miki da mai albarka.

Na karanta takardarki a bayan rumbu, na yi kukana na gama, sannan na shiga wurin Inna. Duk dabarar da na shirya ba ta yi amfani ba, tana ganin idona ta ce, "Wanne ne a ciki?" Na gaya mata. Can ta tashi ta ɗauko tsohuwar tabarma ta rufe itacen nan saboda hadari ya haɗo. Na ce Inna, itacen me kuma? Ta ce mai jego mai jego ce, ko da ɗa ko babu.

Malam Isiyaku zai biyo Shitu wannan karon. Ya ce ba zai dawo ba sai ya san inda ƙaninsa yake. Na ba shi zannuwa uku, da sabulu, da garin kunu, da man kaɗanya. Ki sha kunun, ki gasa jikinki in kin samu ruwan zafi. Zazzaɓi bayan haihuwa ba abin wasa ba ne, shi ya ɗauke Huseina ta gidan liman bara, kina ji na?

Sai maganar yarinyar. Ban san yadda zan tambaye ki ba, amma mutane suna tambaya ta. Matar nan, da take cikawa, ta yi salati? Akwai lalle a ƙafarta? Wane irin kaya ne a jikinta? Jabiru ya ce a irin wannan lokaci bai kamata mutum ya ɗauko abin da bai san asalinsa ba. Inna ta ce masa ba shi aka tambaya ba. Ni dai ina tsakiya. Ke nake so in gani a tsakar gidan nan, saura duk mai sauƙi ne.

Ki gaishe mini da Sistar nan. Ki ce mata wata mata a Kibiya tana yi mata addu'a.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
Ramlatu


Jos, Oktoba 2001

Yaya Ramlatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa. Kayan sun iso, na gode.

Malam Isiyaku ya zo. Ya bi asibitoci da masallatai, ya je layin shagunan. Mai gyaran keken da ke kusa da shagonmu ya ga Malam ya gane shi. Ya ce tun ranar Juma'ar aka kashe maigidana, bayan an sauko daga masallaci. An binne su da yawa a rami ɗaya. Shagon ya ƙone har da keken ɗinkin.

Malam ya tsaya a bakin aji ya ce, "Lubabatu, sai haƙuri." Na ce to. Shi ne ya yi kuka, ya juya ya fuskanci bango. Na tambaye shi yaushe zan shiga takaba. Ya ce ai mai ciki haihuwa ce ƙarshen takabarta, tun da ya rasu kafin in sauka, to ranar da na sauka na fita. Ashe na shiga na fita ban sani ba.

Kin yi tambaya a kan matar. Allah dai ta yi ta kira, kamar kowace mai naƙuda. Ƙafarta duk taɓo ne, ban duba lalle ba. Da aka zo binne ta maza sun yi ta gardamar ko ta su wa ce. Ƙarshe wani limami ya yi nasa, wani fasto ya yi nasa, aka rufe ta kusa da yarona.

Masu agaji sun fara shigowa da mota. Sun kawo barguna da magunguna, an yi mini allurai, zazzaɓin ya sauka. Sun kawo madarar gwangwani ma don jariran da ba su da uwa. Da ruwan rijiyar nan ake damawa. Biyu sun kamu da gudawa, ɗaya ya tafi shekaranjiya.

Malam ya ce a miƙa yarinyar ga hukuma, su nemi danginta. Sista tana wanke wa wata ciwo, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, wace hukuma? Nuna mini ita in kai mata."

Ya ce, "Amana ce mai nauyi, ba mu san 'yar wa ba ce."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Abin da na sani, in aka cire ta daga nonon nan yau, kafin ku isa Saminaka an fara haƙa mata rami."

Ya juyo gare ni ya ce, "Ke me kika gani?" Na ce ban ga komai ba, amma lokacin shanta ya yi. Ya fita ya daɗe a baranda. Da ya dawo ya bar wa Sista sunan garinmu da na gidanmu, ko wani zai zo nema.

Za mu taho da Shitu in ya gama sauke kaya. Ki roƙi matan gida kada su tare ni da kuka. Kaina ba ya son ƙara.

Sai mun zo.

Ƙanwarki,
Lubabatu


Kibiya, watan azumi 2001

Zuwa ga Sista Rifkatu,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da yaranki. Kin ce in rubuto miki yadda muke. Shitu zai kawo.

Mun iso lafiya. Na yi wankan jego safe da yamma har ya cika, Inna ce ta yi mini. Jini ya ɗauke. Ina jin jiri in na tashi da sauri, a asibitin Rano sun ba ni ƙwayoyin ƙarin jini.

Cibiyarta ta warke. Inna ta so gasa ta da tsumma da kasko, na ce kin hana a sa komai, ta bari. Bayan mun zo idonta ya yi ruwan ɗorawa, ta rage shan nono. Yayata Ramlatu ta ce ciwon shawara ne, a jiƙa mata saiwa. Na tuna kin ce in na ga haka in nufi asibiti. Mun kwanta a Rano har ya washe. An yi mata allurar rigakafi ta kafaɗa, an ɗiga mata na baki. Yanzu ta yi nauyi, wuyanta ya fara tsayawa.

Ba a yi suna ba. Malam Isiyaku ya ce ba za a jingina ta ga ƙaninsa ba tun da ba 'yarsa ba ce, ni ma ban nemi haka ba. Inna ce ta fara kiranta Bushra, sauran gida suka ɗauka. Ni ba na kiranta komai. Matan unguwa suna cewa kunyar 'yar fari nake yi. Na bar su a haka.

Wasu suna zuwa barka, wasu ta'aziyya, wasu kuma leƙa fuskarta suke zuwa yi don su gane ko 'yar wace ƙabila ce. Duk amsa ɗaya nake ba su, na gode.

An hana ni azumi saboda shayarwa. Ina ci don an ce in ci. Ana ta cirar gyaɗa, ina zama a inuwa ina tsinka tare da yara, ita tana bayana. Ramlatu ta ce jiya yarinyar ta yi mini dariya. Wataƙila ta yi.

Har yanzu ke kaɗai ce a makarantar? Matar nan mai cikin tagwaye ta ajin kusa da mu, ta sauka?

Allah ya saka miki. Ki huta lafiya.

Lubabatu


Jos, Janairu 2002

Lubabatu ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ki da Mama da dukan gida. Na ji daɗin takardarki. Kin yi daidai da kika kai ta asibiti. Ki ci gaba da nono zalla, kada a ba ta ruwa ko kunu tukuna, ko da zafi ya shigo.

An tashi sansanin, yara sun koma aji. Na koma bakin aikina, ina zaune wurin ƙanwata don gidana babu rufi. Mai tagwayen ta sauka, ɗaya ya rayu.

Yanzu ki zauna ki karanta sauran. Makon jiya wani mutum ya zo nema na. Sunansa Bitrus, birkila ne, yana aiki a Bauchi lokacin da faɗan ya tashi. Tun daga lokacin yake yawon neman matarsa, ya bar ta da tsohon ciki. Wani soja ne ya ce masa ya nemi nas ɗin makarantar nan. Ya nuna mini hoton aurensu. Lubabatu, ita ce. Ga wushiryar nan, ga tabon goshin. Na ɗauko zanenta da 'yan kunnenta da na ajiye, yana gani ya zauna a ƙasa. Sunanta Kaneng. Wannan ne cikinta na fari, kamar ke.

Ya tambaye ni abin da ke cikin. Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce mace ce, tana raye, tana ƙasar Kano wurin wadda ta cece ta. Na gaya masa naki labarin duka.

Yana son 'yarsa. Ita kaɗai ta rage masa. Ya ce tsohuwarsa za ta riƙe ta. Na gaya masa a matsayina na ma'aikaciyar jinya cewa yarinyar ba ta isa a cire ta daga nono ba, ya ji. Tsoron zuwa Kano ma yake yi, kin san yadda gari yake.

Ni na sa miki ita a hannu, ni ce kuma yau nake rubuto miki wannan. Ban ba shi sunan gidanku ba tukuna. Ina jiran amsarki.

Allah ya ba mu hikima.

Taki,
Rifkatu


Kibiya, Fabrairu 2002

Zuwa ga Sista Rifkatu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ba ki san ni ba, ni ce Ramlatu yayar Lubabatu. Ni nake amsa miki domin ita ta ƙi ɗaukar biro.

Ta karanta takardarki a tsaye, ta ninke, ta miƙo mini, ta koma ta ci gaba da tankaɗe. Ni ce na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, Sista, ke mai alheri ce a wurinmu. Amma an kashe wa ƙanwata miji a garinku, ɗanta ya mutu a kan benci don an rasa hanyar asibiti, ta dawo mana kamar ba ita ba. Ba ta dariya, ba ta kuka, in ba a ce ta tashi ba sai ta wuni a inda aka bar ta. Abu ɗaya ke tayar da ita ba tare da an ce ba, kukan Bushra. Shi ne kuma za a zo a ɗauka? Na ce wa Jabiru mu ce yarinyar ta mutu, wa zai zo ya tona?

Malam Isiyaku ne ya hana. Ya zo daga Rano a kan babur, ya ce ya tambayi malamai ya kuma duba da kansa, 'ya ta ubanta ce, ko wane ne shi, ko mene ne addininsa. Ya ce Lubabatu uwa ce ta shayarwa, wannan babu mai ƙwace mata har abada, amma ɓoye yarinyar zalunci ne. Na ce masa ƙaninka fa aka kashe. Ya ce, "Na sani, ni na tsaya a bakin ramin. Ba wannan jaririyar ta kashe shi ba, ban kuma ji an ce ubanta ba ne."

Sai a lokacin Lubabatu ta yi magana. Ta ce, "A ba shi sunan gidan. Ya zo ya gan ta." Ta ƙara da cewa, "Amma madarar gwangwani ba za ta sha ba, na ga abin da take yi."

To kin ji. Ki ce masa ya biyo Shitu bayan Babbar Salla. Malam Isiyaku ya ce shi zai tare su a tashar Rano ya rako su da kansa, babu wanda zai ce musu kanzil. Ni ban yi alkawarin fitowa gaishe su ba.

Na gode da abin da kika yi wa ƙanwata. Wannan daban, wancan daban.

Wassalam,
Ramlatu


Kibiya, Maris 2002

Sista,

Ina gaishe ki. Ina fatan jikinki da aiki lafiya.

Sun zo, Bitrus da tsohuwarsa. Malam Isiyaku ya rako su har zaure ya zauna tare da shi. Mutane sun taru a ƙofar gida, Jabiru ya fita ya kore su.

Tsohuwar ta shigo ciki. Hausarta kaɗan ce. Inna ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Na kwance goyo na miƙa mata. Ta duba fuskar, ta duba kunnuwan, ta buɗe tafin hannun. Sai ta fara wata waƙa da yarensu a hankali, hawaye yana sauka a kan yarinyar. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ita ma ta kama kuka. Ni ina zaune ina kallonsu.

Sun zo da gwangwanin madara da bulumboti. Tsohuwar ta dama ta gwada. Yarinyar ta ture, ta sanƙare, tana miƙo hannu wurina. Aka gwada da cokali, ta furzar. Kukan har zaure.

Sai Bitrus ya aiko yana neman izinin magana da ni. Na yafa mayafi na zauna a bakin ƙofar zauren, ita tana ƙirjina ta yi shiru. Dogo ne, ya rame, bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Ta sha wahala?"

Na ce, "Ta sha, amma ba ta daɗe ba."

"Ta ce wani abu?"

"Ruwa ta nema."

"An ba ta?"

"Na ba ta."

Ya rufe fuska da hularsa. Da ya sauke ya ce, "An gaya mini na mijinki da na ɗanki. Ban san abin da zan ce miki ba." Na ce ba sai ya ce komai ba.

Na miƙa masa ita. Ya riƙe ta kamar mai tsoron kada ta fashe. Ta dube shi, ta kama maɓallin rigarsa, can ta tuna ta fara neman kuka. Ya dawo mini da ita da kansa. Ya yi magana da tsohuwarsa da yarensu, suka daɗe, muryarta tana hawa tasa tana sauka. Sannan ya ce wa Malam Isiyaku, "Malam, na rasa uwar, ba zan kashe 'yar da hannuna ba. In za ta iya, ta riƙe ta har yaye. Ranar da aka yaye ta zan zo." Malam ya tambaye ni, na ce zan iya. Ya ce wa Bitrus ƙofa a buɗe take duk lokacin da ya so ganinta.

Bitrus ya ce uwarta ta riga ta zaɓi suna tun tana ciki, in mace ce Alheri. Inna ta ce ba laifi, ta amsa biyun.

Ramlatu ba ta fito daga madafa ba. Amma da za su tafi na ga ƙullin gyaɗa da albasa a hannun tsohuwar, ba ni na ba ta ba, ba kuma Inna ba.

Da suka tafi na jira in ji daɗi. Ban ji ba. Na dai lura hannuna ya yi tsami saboda yadda na riƙe ta.

Sai yaushe za a fara ba ta kunu? Ki rubuto.

Ki huta lafiya.

Lubabatu


Kibiya, Yuni 2003

Sista,

Ina gaishe ki.

An yaye Alheri. Yau da hantsi sun zo sun tafi da ita, shi da tsohuwar, suna motar da ta kawo miki wannan.

Ta gama rigakafi har na ƙyanda. Tana cin tuwo da miyar kuɓewa, wake yana ɓata mata ciki. Hausa kaɗai take ji. In ta ce "mamma" ruwa take nufi. Tana tsoron akuya. Ki duba ta lokaci lokaci in kin samu hali.

Ta ƙi shiga motar, ta riƙe mini zane. Na ce mata ta shiga, zan ɗauko mayafina in zo. Ta saki, ta shiga, ta matsa ta bar mini wuri kusa da ita.

In ta tambaya, ban san abin da za ku ce mata ba.

Ki huta lafiya.

Lubabatu